Jamaika a Kan Ƙanƙara: Tsakanin Tatsuniyar Fim da Haƙƙin Ƙananan Ƙasashe

A duk lokacin da aka ambaci Jamaika da Gasar Olamfik ta Hunturu, abin da ke fara faɗo wa mutane a rai shi ne dariya: ga samari huɗu daga tsibirin da bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, sun je Kanada sun kife da amalankensu a idon duniya. Wannan hoto ya samo asali ne daga fim ɗin Cool Runnings na shekarar 1993, kuma ya yi ƙarfin da har ya danne ainihin tarihin. Ra'ayin da wannan maƙala take karewa shi ne, idan aka karanta labarin daga tarihi, aka ajiye fim a gefe, zai zama hujja mafi ƙarfi a kan cewa wajibi ne masu shirya gasar su bar wa ƙananan ƙasashe ƙofa a buɗe, musamman a wannan zamani da ake ta ƙoƙarin turo ta.

Wasan da ake magana a kai shi ne bobsile, wato tseren amalanken ƙanƙara. Mutum biyu ko huɗu ne ke tura amalanken a guje na kimanin mita 50, sannan su yi tsalle su faɗa ciki, ya gangara da su a kan wata murɗaɗɗiyar hanyar ƙanƙara da gudun da kan wuce kilomita 130 a cikin awa guda. Abubuwa uku ne ke raba gardama a wasan: ƙarfin turawar farko, ƙwarewar direba, da ingancin amalanken. Na farkon yana buƙatar ƙafa mai sauri, kuma Jamaika, ƙasar da al'ummarta ba ta kai miliyan uku ba, ta yi fice a duniya wajen fitar da zakarun gajeren tsere. Wannan ne tunanin da ya zo wa wasu Amurkawa biyu, George Fitch da William Maloney, bayan sun ga yadda mutanen tsibirin ke tseren amalanke a kan gangare. Akasarin 'yan wasan farko daga rundunar sojan ƙasar aka ɗauko su. Direbansu, Dudley Stokes, matuƙin jirgi mai saukar ungulu ne, Devon Harris kuwa hafsa ne.

A birnin Calgary a 1988, tawagar mutum biyu ta zo ta 30 cikin 41, ta bar tawagogi goma sha ɗaya a baya, alhali 'yan watanni kaɗan ta yi da sanin wasan. Haɗarin da ya shahara ya faru ne a gangara ta uku ta tseren mutum huɗu. Fim ya nuna sun saɓa amalanken a kafaɗa zuwa ƙarshen hanya, amma a zahiri takawa suka yi a gefensa ana tura shi. Kocin da fim ya siffanta da tsohon maguɗi ƙirƙira ce. Wanda ya horar da su, Howard Siler, tsohon ɗan wasan Olamfik ne na Amurka. Masu nazarin adabi sun san irin wannan aiki sarai: mai ba da labari kan rage wasu abubuwa, ya ƙara gishiri a wasu, domin labarin ya yi armashi. Illar ita ce, a fim ɗin labarin ya ƙare ne da faɗuwa mai ban tausayi, mai kallo ya tashi da darasin cewa zuwan ma kaɗai ya wadatar da irin waɗannan mutane.

Tarihi kuwa ya ci gaba bayan an rufe labule. Shekara shida bayan haɗarin, a Lillehammer ta ƙasar Norwe a 1994, tawagar Jamaika ta mutum huɗu ta zo ta 14, a gaban Amurka da Rasha da Faransa. A gasar Salt Lake City ta 2002, Winston Watts da Lascelles Brown sun kafa tarihin turawa mafi sauri a tseren mutum biyu. Daga baya Brown ya koma Kanada, ya ci lambar azurfa a 2006 da ta tagulla a 2010 a ƙarƙashin tutarta. Mutumin dai shi ne, ƙafafunsa su ne. Abin da ya canza shi ne wurin atisaye, da kuɗi, da amalanken da ke ƙarƙashinsa.

A nan ne ainihin matsalar take. Hanyoyin wannan tsere da ake amfani da su a duk faɗin duniya ba su kai ashirin ba, kuma babu ko ɗaya a Afirka ko Kudancin Amurka ko tsibiran Karibiyan. Jamus kaɗai ta gina guda huɗu. Ba abin mamaki ba ne da ta lashe zinare tara cikin goma na wasannin gangarar ƙanƙara a Beijing a 2022, har ta kwashe duka lambobi uku na tseren maza biyu. Ɗan wasan da ya tashi kusa da irin wannan hanya yana iya gangarawa sau ɗaruruwa kafin ɗan Kingston ya tara kuɗin jirgi. Ko a 2014, sai da jama'a suka yi karo-karo ta intanet kafin tawagar Jamaika ta isa Sochi. Saboda haka idan aka ce cancanta kaɗai za a duba, ya kamata a tambaya: cancantar da aka auna bayan an ba wa wa damar koyo?

Tambayar ta daina zama ta nazari kawai a 'yan shekarun nan. A gasar PyeongChang ta Koriya ta Kudu a 2018, akwai tsarin da ke ware gurbi ga nahiyar da ba ta da wakilci a waɗannan wasanni. A wannan gasa ce 'yan Nijeriya uku, Seun Adigun da Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga, suka zama tawagar bobsile ta farko daga Afirka, yayin da Simidele Adeagbo ta Nijeriya da Akwasi Frimpong na Gana suka fafata a wasan da ake gangarawa rub da ciki a kan ƙaramin allo. Ƙasashen Afirka takwas ne suka halarci gasar. Kafin ta 2022 aka soke gurbin nahiyoyi, sai aka wayi gari babu ɗan Afirka ko ɗaya a wasannin gangarar, ƙasashen nahiyar da suka je Beijing kuma suka ragu zuwa biyar. Jamaika ta samu shiga a 2022 da makin da ta tara da guminta, har da tseren mutum huɗu wanda rabonta da shi tun 1998. Amma ta iya yin hakan ne domin an bar ta ta shiga tun tana rarrafe, ta yi shekara talatin da huɗu tana koyo. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Masu goyon bayan tsaurara sharuɗɗa suna da hujjojin da bai kamata a yi watsi da su ba. Ta farko ita ce tsaron rai. A 2010, ɗan ƙasar Jojiya, Nodar Kumaritashvili, ya rasu yayin atisaye a Kanada a ranar buɗe gasar, kuma wannan ya isa ya tunatar da kowa cewa ƙanƙara ba ta san wasa ba. Ta biyu ita ce, sassauci kan ba wasu masu hali damar neman takardar zama ɗan wata ƙaramar ƙasa domin kawai su shiga jerin gwanon buɗe gasa. Ta uku kuwa daga cikin gida take fitowa: me zai sa ƙasar da ke fama da talauci ta ɓatar da kuɗi a kan wasan da 'ya'yanta ba za su taɓa yi a gida ba?

Hujjar farko tana neman a kafa mafi ƙarancin ƙwarewar da dole kowa ya kai, kuma babu mai hankalin da zai ƙi hakan. Amma sharaɗin tsaro daban, sharaɗin kasancewa cikin manyan zakarun duniya daban. Ana iya tabbatar da cewa ɗan wasa ya yi gangara isassu lami lafiya ba tare da an ce sai ya kamo Jamusawa ba. Maganin ta biyu shi ne a binciki alaƙar ɗan wasa da ƙasar da yake wakilta, domin ba a rufe kasuwa saboda ɓarawo ɗaya. Ta ukun kuma tarihin Jamaika ya amsa ta, tun da gudummawar jama'a da ta kamfanoni ce ta ɗauki kaso mai yawa na nauyin tawagar, sunan da ƙasar ta samu kuwa ya zarce abin da aka kashe nesa ba kusa ba.

Akwai kuma batun daidaito. A Gasar Olamfik ta bazara, an daɗe ana ware gurabe a tsere da ninƙaya ga ƙasashen da ba su da wanda ya kai ma'auni, domin kowace tuta ta samu mai ɗaukarta. Gasar hunturu, wadda aka fara a Chamonix ta Faransa a 1924 da ƙasashe 16, tana ɗauke da zobba biyar ɗin nan da ke wakiltar nahiyoyin duniya. Ba daidai ba ne a ɗaga wannan alama a kan gasar da dokokinta ke mayar da ita ta ƙasashen da Allah ya hore wa sanyi da dukiya kaɗai.

Abin da ya dace shi ne a dawo da gurbin nahiyoyi tare da sharaɗin tsaro bayyananne, a kuma wajabta wa ƙasashen da ke da hanyoyin tsere su ware lokacin atisaye ga 'yan wasan da ba su da su, da tallafin asusun da Kwamitin Olamfik na Duniya ya riga ya tanada domin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Mu kuma masu nazari da masu ba da labari, nauyin da ke kanmu shi ne mu riƙa kai labarin Jamaika har Lillehammer, inda ta zo ta 14 a duniya, maimakon mu tsaya a inda amalanken ya kife.