Turken Sadarwa Ba Abokin Gaba Ba Ne

Duk lokacin da aka zo kafa turken sadarwa a wata unguwa, sai ka ji ana raɗe-raɗin cewa zai jawo cuta. Ina ganin lissafi zai raba wannan gardama. Saƙon waya igiya ce ta lantarki da maganaɗisu, danginsu ɗaya da hasken rana. Zafin da igiyar ke ɗauke da shi yana bin ƙarfin lantarkinta ne idan an ninka shi da kansa: ƙarfin ya ninku biyu, zafin ya ninku huɗu. Haka kuma, in ka ninka nisanka daga turke, ƙarfin zai ragu zuwa rabi, zafin kuwa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Iyakar da ƙa'idar duniya ta sa a zangon megahaz 900 ita ce bolt 41 a kowace mita, wato wat 4.5 a murabba'in mita, alhali ranar tsaka a Zuru tana sauke kusan wat 1,000 a murabba'in mita. Wayar da ke manne da kunnenka ta fi turken kusa da kai, kuma idan sabis ya yi rauni, ƙara ƙarfi take yi don ta cim ma turken. Saboda haka mutanen Dabai, Ribah, Mahuta da Dirin Daji, inda duwatsu ke tare sabis, ƙarin turaku suke buƙata. Ya kamata hukumar sadarwa ta NCC da malaman Jami'ar Noma ta Tarayya da ke Zuru su auna ƙarfin igiyar turakun a gaban jama'a, su bayyana sakamakon da Hausa da Dakarci.