Suna Ɗaya, Tsila Uku

Bahaushe ya daɗe da sanin tsila. Ya san wanda ya ci naman shanu da bai dahu ba yana iya samunta, har ya ga gutsattsarinta a bayan gida. Amma a nawa ra'ayi, wannan suna guda ya yi lulluɓi a kan halittu uku waɗanda haɗarinsu ba ɗaya ba ne.

Ta shanu, watau Taenia saginata, ita ce mai dama-dama: a hanji take zama, magani ya fitar da ita. Ta alade kuwa, Taenia solium, idan mutum ya haɗiyi ƙwanta, tsutsar kan bi jini ta yi ƙullutu a tsoka ko ido ko ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a wurare da dama inda cutar ta yi katutu, ita ce sanadin farfaɗiyar mutum 30 cikin kowane ɗari masu fama da farfaɗiya. Mai karatu zai ce, ina ruwanmu, mu da ba mu cin alade? Ai ƙwan ba a nama yake ba. Daga bayan gidan mai ɗauke da tsilar yake fitowa, ya biyo hannu ko ruwa ko ganye. A 1992 likitoci sun ba da rahoton samun cutar a tsakanin Yahudawan birnin New York na Amurka, alhali kuwa alade haramun ne gare su.

Ƙasar Bagudo mararraba ce. Ta Lolo da Tsamiya mutane da dabbobi ke shiga Jamhuriyar Benin suna fitowa, a ci kasuwa ɗaya, a sha ruwa ɗaya, ga shi ana kiwon alade a sassan Benin. Duk da haka, yaron da ya faɗi yana shure-shure a Illo ko Ka'oje, sau da yawa iska ake fara ambata kafin asibiti.

Ta ukun ta fi kusa da mu: Echinococcus granulosus, tsilar kare. Mahauci ya ga jakar ruwa a hantar tunkiya ko huhun raƙumi, ya yanke ya jefa wa kare. Tsilar ta girma a hanjin karen, ƙwanta ya fito cikin kashinsa ya koma ga mutum, jakar ta shekara da shekaru tana girma a hantarsa, wani lokaci sai an yi masa aiki.

Ta yaya malamin tsabta zai faɗi wannan duka da kalma guda? Ina ganin ya kamata wannan Sashe ya zauna da likitocin dabbobi da sarakunan fawa, a fara jin sunan da mahauta ke kiran waɗannan ƙullutai, sannan a tsayar wa kowace tsila nata.