Ina Zaure Ya Tafi? Nasiha Ga Matashin Da Ke Shirin Gina Gida



Ya 'yan'uwana matasa, da yawa daga cikinku sun kai munzalin tara kuɗin fuloti, wasu ma har sun fara sauke yashi da bulo. Saboda haka ya kyautu mu yi nazari kafin a haƙa tushe, domin kuwa ɗinkin da ya ɓaci a mako guda ake gyara shi, amma ginin da ya ɓaci a cikinsa mutum zai tsufa, har ya bar wa 'ya'yansa gado. Ra'ayina shi ne, tsarin gidan Bahaushe na asali ya fi dacewa da zafin ƙasarmu da mutuncin iyalinmu fiye da akwatin bulo da kwano da muke kwafowa daga hotuna, kuma ana iya riƙe wannan tsari ko da kayan zamani za a yi ginin.

Mu fara da zaure. Magabatanmu ba don ado suka yi shi ba. A nan baƙo ke yin sallama, a nan mai gida ke tarbarsa, a nan ake ciyayya da maƙwabta, a nan yara ke biya allo. Sa'annan maginan kan kauce wa saita ƙofar ciki da ta waje, don kada idon mai wucewa ya kai tsakar gida, inda mata ke girki da shanya da hirarsu cikin sakewa. To yau fa? Ana buɗe ƙofa sai falo, kuma ta falon ake bi zuwa kicin da ɗakuna. Idan baƙo ya zo, ko dai a kulle uwargida a ɗaki har ya tafi, ko a bar shi tsaye a bakin titi. Mun tauye haƙƙin baƙo, mun tauye na iyali, alhali ɗaki guda ƙarami ya isa ya raba wannan gardama.

Sai kuma kayan gini. Maginin gargajiya yakan kwaɓa ƙasa da ciyawa, ya mulmula tubali ya shanya a rana, ya ɗora bango mai kauri daga ƙasa yana sirancewa zuwa sama. Yakan yi rufi da azara, wadda ake tsagowa daga giginya, kuma gara ba ta cika cinta ba. Ya shafe bango da makuba ta ɓawon ɗorawa don ruwa ya zame, ya sa indararo ya fitar da ruwan rufi nesa da bango. Hikimar ita ce, bango mai kauri a hankali yake shan zafin rana, sai dare ya yi yake sakinsa, shi ya sa soro ke da sanyi da azahar. Shi kuwa kwano nan take yake ɗaukar zafi ya sauke shi cikin ɗaki, bulo mai rami kuma ba shi da kaurin da zai tare shi. A watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Damagaram, irin wannan ɗaki ba ya zaunuwa sai da fanka, fanka kuwa sai da lantarki ko man janareta. Ashe kenan kuskuren da aka yi a ranar gini ne ake biya duk wata.

Kada wani ya ɗauka ginin ƙasa alamar talauci ce ko jahilci. Babban Gwani Muhammadu Durugu da ƙasa da azara ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, kuma masana gine-gine sun yi ta rubutu a kan bakan gizonsa. A Nijar, masallacin garin Yama da magini Falke Barmu ya fara a 1962 ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A 2013 hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin Agadas cikin wuraren tarihi na duniya, tare da hasumiyarsa ta ƙasa mai tsawon mita 27.

Na san za a ce, ai ginin ƙasa sai an yi ta yaɓe duk shekara, kuma damina na rushe shi. Wannan gaskiya ne, ba za mu musa ba. Sai dai galibi ta ƙasa da ta sama ruwa ke cin bango, wato ta tushe da ta rufi. Idan aka yi tushe da dutse da siminti, aka ɗaga shi sama da inda ruwa ke kwanciya, aka fito da bakin rufi ya yi wa bango lema, an rage matsalar ƙwarai. Akwai kuma bulon ƙasa da ake matsewa da inji tare da ɗan siminti kaɗan. Da irinsa Mariam Issoufou da abokan aikinta suka gina rukunin gidajen zamani a birnin Yamai a 2016.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabci, wanda ginin bene ya fi taɓawa. Malamanmu na Malikiyya ba su bar wannan babi ba. Ibnur Rami, wani magini a Tunis a ƙarni na 14, ya rubuta littafi sukutum mai suna Al-I'ilan bi Ahkamil Bunyan, inda ya tattaro hukunce-hukuncen taga mai leƙa gidan wani, da ƙofa mai fuskantar ƙofa, da magudanar ruwa. Wanda ya buɗe taga a kan tsakar gidan maƙwabcinsa, ko ya juya masa ruwan kwata, ya ajiye cutarwar da za ta ci gaba ko yana barci.

Don haka, ya ɗan'uwa, idan ka zauna da mai zanen gida, ka nemi waɗannan: zaure ko ɗakin baƙi mai ƙofarsa da bayinsa daban, tsakar gida komai ƙanƙantarta, maimakon cinye fuloti duka da gini, tagogi masu fuskantar juna ta kudu da arewa don iska ta ratsa, tare da rage na yamma, silin mai tsayi da kafar da zafi zai fita tsakaninsa da kwano, da bishiya guda da za ta yi wa bangon yamma inuwa. Mafi yawan waɗannan ba ƙarin kuɗi suke nema ba, tunani suke nema tun a kan takarda.

Allah Ya hore wa marar muhalli, Ya sanya albarka da natsuwa a gidajenmu, amin.