NOMA TUSHEN ARZIKI: A Noman Ruwa, Ido Ba Ya Sanin Kima

A makon jiya na kai wa wani ƙanena ziyara a Agege, na iske shi zugum a bayan gida, ya zuba wa wasu bututan roba ido. 'Yan kuɗin da ya tara lokacin bautar ƙasa ne ya zuba a noman latas irin na zamani, wato wanda ake yi cikin ruwa ba tare da ƙasa ba. Da fari shuka ta yi kyau, daga baya sababbin ganye suka koma rawaya. Sai ya ɗauka yunwa ce, ya ninka taki. Kafin mako ya zagayo duk ta yi yaushi.

Ya dube ni ya ce, "Yaya, yaya za a yi shukar da saiwarta ke cikin ruwa ta mutu da ƙishi?" Na tambaye shi ko ya taɓa auna ruwan. Ya ce ai ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To, nan gizo ke saƙa, domin a wannan sana'a ido ba ya sanin kome.

Shi dai noman ruwa ba jiya aka fara shi ba. Tun wajejen 1860 Julius von Sachs da Wilhelm Knop na ƙasar Jamus suka nuna cewa shuka na iya girma cikin ruwan da aka narka wa sinadarai. A 1938 kuma Dennis Hoagland da Daniel Arnon na Jami'ar Kalifoniya a Amurka suka fitar da haɗin takin ruwa wanda har yau masu bincike ke aiki da shi. Abin lura shi ne, ita ƙasa uwa ce mai haƙuri, takan shanye kuskuren manomi. Ruwa kuwa ba ya rufa wa kowa asiri. Don haka wajibi ne a riƙa auna abu biyu.

Na farko shi ne tsamin ruwan, wanda ake aunawa da ma'aunin pH da wani masani ɗan ƙasar Denmak, Sorensen, ya ƙirƙiro a 1909. Ma'aunin ya tashi daga 0 zuwa 14, kuma 7 ne tsaka-tsaki. Abin da ya gaza 7 yana ɓangaren tsami kamar lemun tsami, wanda ya haura yana ɓangaren kanwa. Kada a raina tazarar lamba ɗaya, domin ruwa mai 5 ya ninka mai 6 tsami har sau goma. Galibin kayan lambu sun fi son tsakanin 5.5 da 6.5. Idan ya doshi 7 ko ya wuce, sinadarin ƙarfe yakan ƙi narkewa, saiwa ta kasa shansa, sai sababbin ganye su yi rawaya, jijiyoyinsu na nan kore. Wannan shi ne ciwon latas ɗin ƙanena: ga abinci a gabanta, amma baki a ɗaure.

Na biyu shi ne ƙarfin takin da ke cikin ruwan. Ana auna shi da wata 'yar na'ura mai duba yadda ruwa ke ɗaukar lantarki, wadda ake kira mitar EC, domin gwargwadon gishirin da ya narke, gwargwadon yadda lantarki ke ratsawa. A lissafin mS/cm da ke fuskar mitar, latas kan wadatu da kimanin 1.2 zuwa 1.8, tumatir mai 'ya'ya kuwa yakan so 2.0 zuwa 3.5. Duk uwargidan da ta taɓa barbaɗa gishiri a kan yankakken tumatir ta ga yadda yake zubar da ruwa. Haka nan taki in ya yi yawa, sai saiwa ta kasa jan ruwa, har ma ya tsotse na jikinta. Ga amsar tambayar ƙanena ke nan.

A ƙasarmu mai zafi akwai ƙarin hattara. Lokacin bazara shuka ta fi shan ruwa a kan taki, saboda haka ruwan tanki na raguwa, gishiri na ƙara kauri. In mita ta nuna ƙarfi ya hau, ruwa zalla za a ƙara. In ta nuna ya sauka, sannan a ƙara taki. Haka kuma ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar da saiwa ke shaƙa kamar mai sanyi, don haka a sa tanki a inuwa. Ruwan rijiyar burtsatse ma a fara auna shi tun kafin a zuba masa kome, domin a wasu wurare yakan zo da nasa gishirin da kuma halin kanwa mai tura pH sama kullum.

Wajen gyara kuwa, a fara daidaita ƙarfin taki, sannan a koma kan tsami. Masu sana'ar kan sauko da pH da asid na fosfaras, su ɗaga shi da sinadarin fotashiyam. A riƙa ɗigawa kaɗan-kaɗan, a motsa, a dakata, a sake aunawa. Asid ake zuba wa ruwa, ba a zuba wa asid ruwa, kuma a kare ido da hannu. Lemun tsami na saukar da pH, sai dai aikinsa ba ya ɗorewa. Kanwar girki kuwa a bar ta a madafa, domin tana ɗauke da sodiyam mai taruwa ya cuci shuka. Kada kuma a cakuɗa takin kalsiyam mai kauri da na fosfet ko salfet a mazubi ɗaya, sai su daskare su kwanta a ƙasa. Dalili ke nan da ake sayar da takin ruwa kashi biyu, A da B.

Ita kanta mita takan yi ƙarya in an yi sakaci da ita. A riƙa saita ta pH da ruwan gwaji mai lamba 4 da mai lamba 7, kada kuma a bar bakinta ya bushe. Mitar EC kuwa jimlar gishiri kawai take faɗi, ba ta bambanta mai amfani da marar amfani, don haka a sauya ruwan tanki ɗungum duk mako ɗaya ko biyu. A tanadi littafi, a rubuta awon kowace safiya.

Ba ina hana samarinmu shiga wannan sana'a ba ne. A cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, da irin waɗannan dabaru ake yawaita irin doya da rogo masu lafiya. Abin da nake cewa shi ne, duk wanda zai sayar wa yaro bututu da famfo bai koya masa awo ba, ya sayar masa da mota ce babu sitiyari. Ƙanena dai ya sayi mitocinsa biyu, ya sake shuka. Kai ma kafin ka sayi iri, sayi ma'auni.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.