Keso Guda: Darasin da Ke Cikin Wuri Zambar Ashirin

A yawancin makarantunmu na sakandare, da an zo babin rabe-raben lambobi sai a ba ɗalibi jerin 2, 3, 5, 7 ya haddace, a wuce gaba. Wannan kuskure ne. Ƙananan lambobi ba sa nuna amfanin babin, domin kowane yaro ya san 12 tana rabuwa gida uku tun kafin ya shiga aji. Babbar lamba ce ke tilasta masa aiki da ƙa'ida, kuma kakanninmu sun bar mana guda mai kyau, wato 20,000, adadin wurin da ke cikin keso ɗaya.

Sa'ad da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka Tasawa a 1851, ya tarar ana ƙirga wuri biyar-biyar, ana tara shi tsibi-tsibi na metan ko na dubu. Lissafi ya gaskata hikimarsu. In aka yi ta raba 20,000 har ta ƙi rabuwa, za a sami 2 har guda biyar da 5 guda huɗu, wato 32 × 625. Ba ta da wani tubali sai waɗannan biyun. Daga nan ɗalibi zai gano cewa lambobi 30 ne ke raba ta daidai, ba sai ya gwada su ɗaya bayan ɗaya ba: ya ƙara 1 a kan biyar da kan huɗu, ya ninka 6 da 5. Zai kuma gane dalilin da fatake uku ba za su raba keso ba sai wuri biyu sun yi saura. Su bakwai kuwa, wuri ɗaya tak ke hana su.

Nikomakus, masanin da ya yi rubutu da Girkanci wajen shekara ta 100 Miladiyya, wanda Sabit bin Ƙurra ya fassara littafinsa zuwa Larabci a ƙarni na 9, ya kasa lambobi gida uku. A tara duk masu raba lamba, ban da ita kanta. In jimlar ta yi daidai da ita, cikakkiya ce, kamar 28. In ta gaza, mai giɓi ce. In ta zarce, mai yalwa. Jimlar masu raba keso 29,203 ce, saboda haka mai yalwa ce ƙwarai. Amma a cire wuri uku kacal, sai ga 19,997, wadda babu mai raba ta sai 1 da ita kanta.

Wasu malamai za su ce manhaja ta cika, jarrabawa kuma na tafe. Ai da wannan warware lamba zuwa tubalanta ake amsa tambayoyin babban marabi da ƙaramin ninki da WAEC ke kawowa. Malamin da ke Kakangi ta ƙasar Birnin Gwari, inda rashin tsaro ya cinye wa yara lokacin karatu mai yawa a shekarun baya, ba ya buƙatar ɗakin gwaji ko kwamfuta don wannan darasi. Mudun masara ya isa a yi tsibin metan a gaban aji, sauran kuma a ƙarasa a kan allo.