Kalma Ɗaya a Ingilishi, Tara a Turkanci: "Free" da Asarar Bi ta Gadar Wani

Ɗalibin da ya tashi daga Maraɗi ko Damagaram ya samu gurbin karatu a Ankara ko Konya, abu na farko da yake sawa a wayarsa ƙamus ne. Da yake ƙamusun Turkanci mafiya yalwar misalai da Ingilishi aka haɗa su, sai ya zamana Bahaushen da ya yi karatunsa da Faransanci yana shiga harshe na huɗu ta ƙofar harshe na uku. Wannan hanya tana da tsadar da ba a cika lissafawa ba, kuma kalma guda ta isa ta nuna haka, wato "free".

Wanda ya neme ta a ƙamus na Ingilishi da Turkanci zai tarar da dogon jeri: özgür, hür, serbest, bedava, ücretsiz, parasız, boş, müsait, muaf. Waƙafi kaɗai ke tsakaninsu, sai mai karatu ya ɗauka duk wadda ya zaɓa ta wadatar. Alhali kuwa waɗannan kalmomi ba tagwaye ba ne, wasunsu ko dangi ba su haɗa ba. Abin da ya tara su a layi ɗaya al'adar Ingilishi ce, wadda ta ɗora wa jaki guda kayan da wasu harsuna suka rarraba wa jakuna da yawa. Abin takaicin shi ne Hausa tana cikin masu rarrabawar. Bahaushe ya san bambancin kyauta da banza, ya san na saki da ƴantawa. Sai ya je ya narkar da su a tukunyar Ingilishi, sa'an nan ya dawo yana wahalar tsince su a Turkanci.

Ɓangaren kuɗi shi ne mai sauƙi. Ücretsiz kalmar hukuma ce, ita ake rubutawa a ƙofar gidan tarihi ko a takardar sanarwa. Saiwarta ücret, wato lada ko kuɗin aiki, ararriya ce daga Larabci, kuma tushenta ɗaya da ijara da Hausa ta aro. Bedava ta bakin kasuwa ce, asalinta yana komawa ga kalmar Farisanci mai nufin iska, kamar a ce abin da iska ta kwaso. Da ita Turkawa suka yi karin maganarsu mai cewa ruwan tsami na banza ya fi zuma zaƙi, kuma daga gare ta aka samu bedavacı, mutumin da kullum yake jiran ta faɗi gasassa. Ƙasa da ita akwai beleş ta ƴan titi, wadda ba ta da nisa da cin bulus. Ɗalibin da ya rubuta wa ofishin jami'a yana tambaya ko ɗakin kwana beleş ne, nahawunsa bai karye ba, amma ya zubar da girmansa.

A cikin ücretsiz akwai ɗafa-ƙeya mai kore samuwar abu, wadda jituwar wasula ke juya ta fuska huɗu: -sız, -siz, -suz, -süz. Ita ce take ɗauke da nauyin duk inda Ingilishi ya liƙa "free" a bayan suna don ya ce abu kaza babu shi a ciki. Shayi marar sukari şekersiz ne, abinci marar gishiri tuzsuz, kayan da ba a biya wa kuɗin kwastan gümrüksüz. Aikinta da na "maras" a Hausa kusan ɗaya ne, sai dai ita a ƙeya take, shi kuwa a goshi. Amma Turkanci ma yana da nasa tarko a nan: parasız, daga para wato kuɗi, idan ta siffanta karatu tana nufin na kyauta, idan ta siffanta mutum tana nufin wanda aljihunsa ya bushe. Muaf kuwa ta wanda aka ɗauke wa haraji ko jarrabawa ce, kuma kunnen Bahaushe zai iya jiyo afuwa a cikinta, domin saiwarsu ɗaya a Larabci.

Boş ma'anarta ta asali wofi, abin da babu kome a cikinsa. Kujerar da ba kowa, tasin da bai ɗauki fasinja ba, lokacin da ba aiki, duka boş ne. Ana iya tambayar aboki ko shi boş ne da yamma, amma malami ana tambayarsa da müsait, don kada a jingina masa zaman banza. Wani abin sha'awa: daga boş aka gina boşamak, sakin aure. Turkanci da Hausa duka sun ga rabuwar ma'aurata a matsayin kwance igiya, kuma wanda ya bi ta Ingilishi ba zai taɓa ganin wannan kamanci ba.

Inda maganar ta yi nauyi shi ne wajen kalmomi uku da suka shafi mutum da iko: hür, özgür da serbest. Hür daga Larabci take, inda take nufin ɗa, kishiyar bawa. A ƙarni na 19, a Daular Usmaniyya ta Turkawa, sunan da aka samu daga gare ta, hürriyet, ya tashi daga matsayin mutum a shari'a ya zama taken siyasa. A 1868 Namık Kemal da abokan gudun hijirarsa suka fitar da jarida mai wannan suna a Landan, kuma juyin 1908, wanda ya tilasta wa Sultan Abdulhamid na Biyu maido da tsarin mulki, da sunan shelar hürriyet Turkawa suka san shi.

Özgür ƴar Jamhuriya ce. Bayan kafa ta a 1923, an bar haruffan Larabci an koma na boko a 1928, a 1932 kuma aka kafa hukumar da yau ake kira Türk Dil Kurumu, wadda ta duƙufa wajen maye gurbin kalmomin Larabci da Farisanci da na asalin Turkanci. A wannan guguwa özgür ta yaɗu, an gina ta a kan öz, wato ainihin kai. Ta samu karɓuwa har ta zama sunan yanka, amma ba ta binne hür ba. Tsarin mulkin 1982 hürriyet ya fi amfani da ita, babbar jaridar da aka kafa a 1948 har yau Hürriyet take, yayin da matasa da yawancin ƴan jarida özgürlük suke cewa. Shekaru da dama zaɓi tsakanin su biyun yakan nuna ɓangaren da marubuci ya karkata, na masu riƙon tsohuwar al'ada ko na masu neman sauyi. Ƙamus ya sa waƙafi tsakaninsu ya wuce, alhali tarihin ƙasa guda ne a cikin waƙafin nan.

Serbest dabam take. Daga Farisanci ta zo, kuma abin mamaki gaɓoɓinta biyu, sar da bast, ma'anarsu kai da ɗaurarre. A Turkancin yau tana nufin abin da ba a tare masa hanya ba. Ba ta magana a kan darajar mutum, tana magana ne a kan rashin shinge. Kasuwar da hukuma ba ta ƙayyade wa farashi serbest piyasa ce, bugun tazara a ƙwallon ƙafa serbest vuruş, sana'ar mai zaman kansa serbest meslek. Jam'iyyar adawar da Fethi Okyar ya kafa a watan Agusta na 1930, ta rushe a Nuwamban shekarar, da wannan kalma sunanta ya fara.

A nan ne kuskure kan fita daga aji ya shiga rayuwar mutane. Idan kotu a Turkiyya ta saki wanda ake tsare da shi, labari zai ce serbest bırakıldı. Mai yiwuwa shari'arsa tana nan tana gudana, mai yiwuwa an hana shi fita ƙasar, an kuma wajabta masa zuwa ofishin ƴan sanda yana sa hannu. Wankewa daga laifi kalmarta beraat, ƴanta bawa kuma azat. Ingilishi zai iya rufe duka ukun da "free" ko ƴaƴanta, kuma mai fassarar da ya ɗauko daga can zai iya rubuta cewa mutumin ya samu ƴancinsa, masu sauraro su fahimci an gama. Da kai tsaye aka bi, da "an sake shi" ta faɗi daidai abin da Turkanci ya faɗa, ba ƙari ba ragi. Mutum yana iya zama serbest bai zama özgür ba, kamar yadda sakakke ba lalle ne ya zama ƴantacce ba.

Za a iya cewa tarin ma'ana a kalma guda ba aibi ba ne, kuma mai Ingilishi ba ya ruɗewa domin muhallin magana yana warware masa. Wannan gaskiya ne. Tushen kalmar ma bai yi nisa da tunanin Bahaushe ba: a tsohon Ingilishi dangi take da kalmar da ke nufin aboki, daga saiwa mai ma'anar ƙauna, wato ƴan gida abin ƙauna sabanin bayi. A Latin kalmar ƴaƴa da ta ƴantattu siffarsu ɗaya, kamar yadda Hausa ta fitar da ƴanci daga ƴaƴa, ta fitar da ɗiyauci daga ɗiya. Haka kuma Hausa tana da nata tattarawa. Ƴanci ya ɗauki özgürlük, ya ɗauki bağımsızlık, wadda ita Baturke zai kira abin da Nijar ta samu ranar 3 ga Agusta 1960, ya kuma ɗauki hak a cikin ƴancin ɗan Adam. Faransanci ya raba gratuit da libre, amma libre ɗin ita kaɗai take riƙe da kujerar da ba kowa, da kasuwar da ba shinge, da mutumin da ba bawa ba. Babu harshen da ya fi wani iya yanka nama, kowane dai da gaɓar da yake sa wuƙa.

Sai dai wannan hujja tana kare mai harshe ne a cikin harshensa, ba ta kare mai wucewa. Muhallin maganar da ke ceton Bature shi ne ainihin abin da jerin ƙamus yake yarwa. Su kansu masu Ingilishi sun yi tuntuɓe da kalmar: tun da Richard Stallman ya kafa gidauniyarsa ta manhajar kwamfuta a 1985, masu wannan ra'ayi suke ta bayanin cewa ƴancin dubawa da gyarawa da rabawa suke nufi, ba rashin biya ba, har wasunsu suka ari libre don su huta. Turkanci bai sha wannan wahala ba, özgür yazılım dabam, ücretsiz yazılım dabam. Na'urorin fassara kuwa sun daɗe suna ratsa Ingilishi idan za su haɗa harsuna biyu da ba su da yalwar rubutu a tsakaninsu, saboda haka abin da ɗalibi yake yi da hannu, na'ura tana iya yin sa a ɓoye.

Yanzu da Turkiyya take da ofishin jakadanci a Yamai, makarantun gidauniyar Maarif suna koyar da harshenta, kafar TRT tana watsa labarai da Hausa, buƙatar kayan aiki na kai tsaye ta wuce sha'awar masana. Ba sai an jira babban ƙamus ba. Kundin digiri guda a sashen kimiyyar harshe zai iya ɗaukar fage ɗaya na ma'ana, ya tattara jimloli na haƙiƙa daga jaridu da bakin ɗaliban da suka dawo, ya jera Turkanci da Hausa kafaɗa da kafaɗa, a bar Ingilishi da Faransanci a matsayin shaidu kawai. Sharaɗin shi ne jimla ta zama ma'auni, ba kalma tsura ba. Idan mai masauki Bature ya ce wa baƙonsa "feel free", Baturke a wannan wuri çekinmeyin zai ce, wato kada a noƙe, Bahaushe kuma ya ce saki jikinka, nan gida ne. Daga cikin kalmomi taran da ƙamus ya jera, babu ko ɗaya da ta fito.