A Bi Mai Sayen Ƙarfen

Ana tsakiyar jarrabawa aka sace wayar injin ruwan ɗakunan kwananmu. Washegari ɗalibai suka lakaɗa wa wani yaro ɗan gwangwan duka, ashe ma ba shi ba ne. Kwana tara muna sayen ruwa wajen 'yan garuwa.

Ni dai a ganina, ɓarawo ba ya kwance ƙarfe sai ya san inda zai sayar. A Ingila, dokar 2013 ta wajabta wa dillalan tsofaffin ƙarafa yin lasisi da duba katin shaidar mai sayarwa, ta kuma hana su biya da tsabar kuɗi. Me zai hana a yi hakan a kasuwannin panteka?

Ƙungiyarmu kuma ta ba mu lambar kai rahoto. Jama'a, duka ba ya dawo da waya.